Bindigar eyasof a Legas: gyara, ƙarin ƙarfi, da maganar fita da ita waje

Tambaya: Wani ƙanenmu mazaunin Agege, mai sayar da kayan waya a Ikeja, ya rubuto cewa yayansa da ya dawo daga karatu a waje ya bar masa bindigar wasa ta eyasof, irin mai batir, mai siffar AK. Tun farkon damina take jingine a bayan wadrob. Yanzu in ya harba harsashin ba ya nisa, wani lokaci biyu-biyu yake fitowa, ƙararta ma ta canza. Yana son sanin yadda zai gyara ta, da yadda zai ƙara mata ƙarfi, sannan ko zai iya fita da ita bakin teku su yi wasa da abokai, ko ya tafi da ita gida Kano da Sallah.

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Tambaya uku ka jero, ni kuwa ta ƙarshen zan fara ɗauka, domin gyaran bindigar nan aikin yamma ɗaya ne, amma fita da ita waje yana iya kai ka Panti, ofishin 'yan sandan binciken manyan laifuka da ke Yaba, in ma Allah ya sa an tsaya a Pantin. Na yi wannan wasa sosai lokacin da nake zaune a Ingila, har mutane suka riƙa jibge mini nasu a kan tebur in buɗe in gyara. Da zan dawo gida kuwa sai na sayar da nawa kakaf a can, ko gidan harsashi ban saka a jaka ba.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. A Japan aka fito da irin waɗannan bindigogi cikin shekarun 1970, ƙasar da doka ta tsananta matuƙa a kan mallakar bindigar gaske. Masu sha'awa suna son abin da za su riƙe su ji kamar ita ce, sai kamfanoni suka ƙera musu wadda take kama da ta gaske sak, amma ɗan harsashin roba mai faɗin milimita 6 take tofarwa. A 1991 kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai aiki da batir, kuma kusan duk masu batir na yau, har da taka, tsarin cikinsu daga wannan aka kwaikwayo. Ƙarfinta ba wani abu ba ne. Harsashi mai nauyin giram 0.20 da ya fita da gudun mita 100 a daƙiƙa, jul ɗaya ke nan cif (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugu). Harsashin AK ta gaske yana ɗauke da wajen jul 2,000. Jikinta roba ne da gwangwani da ƙarfen tutiya, babu yadda za a yi ta harba harsashin gaske. To amma kamannin nan da aka ƙera ta dominsa, shi ne abin tsoron a ƙasarmu. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane, sai dai ɗan sandan da ya haska but ɗin motarka da tocila ƙarfe goma na dare a Ojota ba shi da lokacin wannan karin magana.

Ƙasashen da wasan ya zauna da gindinsa sun yi masa doka ta kansa. Japan ta yanke iyakar ƙarfi a jul 0.98. A Ingila, dokar 2006 da ta fara aiki a 2007 ta hana sayar maka da mai kamannin gaske sai ka nuna hujja, galibi rajistar cewa kai ɗan wasa ne a wani sanannen fili. In ba ka da ita, sai dai a sayar maka da wadda aka shafe fiye da rabin jikinta da launi mai ɗaukar ido, kamar ruwan lemo ko shuɗi bau. A 2017 suka ƙara da cewa mai harbi a jere kada ta wuce jul 1.3, mai harbi ɗai-ɗai kada ta wuce jul 2.5, wadda ta haura nan ta bar sahun kayan wasa. A Amurka dole a sayar da ita da jan-lemon baki. Duk da haka, a watan Nuwamba na 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a birnin Cleveland, yana riƙe da ƙaramar irin wannan wadda babu alamar lemon a bakinta. Can ke nan, inda kowa ya san da wasan.

Mu a nan babbar dokar bindigogi ta 1959 ce, tun kafin a san za a yi wani abu wai shi eyasof, saboda haka ba ta ambace shi ba. Kada wannan ya sa ka murna. Dokar ta kasa makamai gida uku: waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, inda ƙananan bindigogin hannu suke, waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, sai bindigar toka irin ta mafarauta da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A gida na biyun nan aka lissafa bindigogin iska, manya da ƙanana. Taka kuma me take yi? Fistin ne yake matse iska, iskar ta tura harsashi ta cikin bututu. Lauya yana iya tsayawa a kotu ya ce dokar makami mai iya kisa take nufi, wannan kuwa ba ta kisa, kuma magana ce mai ƙarfi. Amma a kotu ake yin wannan muhawara, bayan an riga an kama ka, an jera ka gaban 'yan jarida da abin a gabanka, shagonka na rufe, mahaifiyarka na kuka a Kano. Ko ka yi nasara daga baya, wanda ya ga hotonka a Facebook ba zai bi shari'ar zuwa ƙarshe ba.

Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda hukuncinta kisa ne, kuma ta sa bindigar iska cikin jerin muggan makamai tare da adda da wuƙa da kwari da baka. Na san kai ba ɗan fashi ba ne. Abin da nake ji maka shi ne aro. Abokin da zai ce ba ni in ɗauki hoto, ko ba ni in tsorata wani yaro da ya raina ni, shi ne zai jawo maka abin da ba ka taɓa mafarki ba, domin ranar da aka kama shi tambayar farko ita ce wa ya ba ka. Kada ka ba kowa aro, ko ɗan ɗakinku ne. Hoto da bidiyo ma ka yafe su. A allon waya ba a gane roba, kuma abin da ya hau TikTok ya bar hannunka.

Ta ɓangaren kwastan, ƙaramar bindigar iska ta hannu tana cikin jerin kayan da aka haramta shigo da su ƙasar nan kwata-kwata, kayan da suka shafi tsaro kuma sai da takardar izini daga ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan harkar tsaro. Don haka in wani ya ce maka zai yi maka odar wata ta intanet, ko a cusa maka ita cikin kwantenar da za ta sauka Apapa ko Tin Can, ka ce ka gode. Sunanka da lambar wayarka ne a jikin kwalin. Haka nan kakin soja mai dabbare-dabbare da 'yan wasan waje suke sawa, a Najeriya haramun ne ga farar hula, kuma soja ba ya jiran kotu kafin ya nuna maka hakan.

Sai kuma abin da ba a rubuta a kowace doka ba, wanda ni da kai muka sani. Kai Bahaushe ne a Legas. Saurayi ɗan Arewa da abu mai siffar AK cikin buhu, a tashar mota ko a bakin teku, ba sai an kira 'yan sanda ba. Mutum ɗaya ya ɗaga murya ya ce "Ole!", wato ɓarawo da Yarbanci, ya wadatar. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne da suka taso daga Fatakwal za su gida Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka hau. Allah ya ji ƙansu. Hanyar Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ce, shinge bayan shinge, na 'yan sanda da na soja da na kwastan da na 'yan banga. Amsata a kan tafiya da ita Sallah ita ce a'a, bakin teku ma a'a. In wasan harbin ne kuke so ku da abokanka, akwai wuraren wasan harbin fenti ta wajen Lekki, kayan na masu wurin ne, ku biya ku yi wasanku ku ajiye musu ku dawo gida hannu rabbana.

In ka ce lallai kana son ci gaba da riƙe ta a gida, to ka nemi lauya ya rubuta wa Kwamishinan 'yan sandan jihar a Ikeja, a bayyana mene ne abin, a haɗa da hotonsa da takardar kamfani, a nemi matsayinsu a rubuce, ka adana kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kada ka saɓa ta ka nufi caji ofis da kanka wai za ka yi tambaya. In sun ce a miƙa ta, a miƙa ta hannun lauyan. Kafin nan ka sayi fentin feshi ruwan lemo ka shafe gindinta da mariƙin gaba da bakinta. Na san zuciyarka ba za ta so ba, tunda kyanta a kamannin yake. Fentin ba lasisi ba ne, amma maƙwabcin da ya leƙo ta taga zai ga abin wasa maimakon makami.

Yanzu gyara. Alamomi ukun da ka faɗa, kusan kullum abu biyu ne ke kawo su a garin nan: laima da zaman banza.

Kafin ka taɓa komai, cire gidan harsashi, ka juya bakinta cikin kwali mai tsumma ka harba sau biyu ko uku, domin sau da yawa harsashi ɗaya yana maƙale a ciki bayan an cire gidan. Sannan ka cire batir. Ja hannun nan na gefen dama baya, za ka ga wani ɗan maɓalli mai zamewa. Shi ke matsa wata 'yar roba da ke gindin bututu, masu wasan suna ce mata hof. Aikinta ta shafi saman harsashi yayin fita, ta sa shi ya riƙa juyawa baya-baya, juyin nan ne yake tallafe shi a iska ya yi nisa maimakon ya faɗi a gabanka. Kamar yadda ɗan ƙwallo yake shafar gefen tamaula ta lanƙwasa ne, sai dai nan sama ake son lanƙwasar. Mayar da maɓallin ƙarshe yadda robar za ta saki gaba ɗaya, in ba haka ba sandar sharewa za ta yage ta.

Ɗauki sandar da ta zo tare da bindigar, mai tsaga a kai ɗaya. Yanki ɗan ƙyallen auduga mai laushi kamar faɗin yatsa, zura a tsagar, ɗiga masa sifirit irin wanda kuke wanke allon waya da shi. Gwada tsawon sandar a jikin bututun ta waje ka sa alama da salatif, yadda za ta tsaya kafin ta kai ga robar. Zura a hankali kana murzawa, zaro, canza ƙyalle. Na farkon zai fito baƙi ko kore-kore, domin yawancin bututun tagulla ne, iskar gishirin Legas kuma tana sa shi tsatsar kore. Ka yi ta yi har ƙyalle ya fito fari, ka bi da busasshe. Kada ka bar mai a cikin bututu ko ɗigo ɗaya. Mutane da yawa suna ganin gata ne su fesa mai a ciki, alhali in mai ya taɓa robar hof ta daina kama harsashi, sai ka ga ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa.

Maganar mai ke nan, kuma nan aka fi yin ɓarna. WD-40, baƙin mai, man keken ɗinki, duk wani mai da aka samo daga fetur yana kumbura roba ya ruɓar da ita. Abin da ya dace da duk wani zoben roba da ke ciki shi ne man silikon zalla. Man keken ɗinki yana da wurinsa, wato ka ɗiga a tsumma ka goge notuna da sassan ƙarfe na waje don tsatsa, nesa da roba.

In ka share bututu amma har yanzu harsashi biyu-biyu yake fita, ko yana gangarowa da kansa in ka sunkuyar da bakin, to leɓen robar hof ya saki ko ya tsage, sai canji. Amma kafin ka zarge ta duba harsashinka. Irin rawaya ɗin nan marar nauyi da ake haɗawa da bindigar yara a kasuwa, giram 0.12 ne, yana da layin haɗi a tsakiya, yana fashewa a ciki ya yage roba ya toshe bututu. Taka tana son 0.20 zuwa 0.28, mai santsi marar layi. Wanda ya faɗi ƙasa kada ka tsince shi ka mayar, ya riga ya kwashi yashi. In kuma harsashin da ke cikin ledar da yayanka ya bar maka irin mai ruɓewa a ƙasa ne, kuma ledar a buɗe ta yi damina, to ya sha laima ya kumbura, zubar da shi. Idan harsashi ya maƙale ka ji ƙarar ta toshe, saki kunamar nan take. Ci gaba da dannawa shi ke karya haƙoran fistin. Da ɗaya kan sandar ake turo shi baya.

Canjin ƙara kuma, ka fara da batir kafin ka zargi giya. In irin tsohon yayi ne mai bolt 8.4 ko 9.6, yana zubar da cajinsa da kansa in ya yi watanni a ajiye, moto sai ya riƙa jan fistin da kyar kamar mai nishi. In kuma lifo ne, mai laushin jiki kamar batirin waya, bolt 7.4 ko 11.1, to ka san halinsa tunda sana'arka ce. Kowane ɗaki a cikinsa 4.2 ne in ya cika, 3.8 ake barinsa in za a ajiye, wanda ya faɗi ƙasa da 3 kuma ya tashi daga aiki. In ya kumbura ko kaɗan kada ka ce bari in gwada. Yana buƙatar cajar da ke daidaita ɗakunan, kuma kada ka taɓa jona shi ka kwanta wai in NEPA sun kawo wuta cikin dare ya yi caji. A kan tayil ko cikin tukunyar ƙasa, nesa da katifa da labule, kana zaune a wurin. Gobarar lifo a gidan haya ba kai kaɗai za ta shafa ba.

Batir lafiya amma tana kuka mai tsini kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe? A irin taka moto yana cikin mariƙin hannu, a gindin kejinsa akwai ɗan noti da ke ɗaga shi ko sauke shi. Juya shi kaɗan-kaɗan, rubu'in juyi a lokaci guda, kana harbawa kana saurare, inda kukan ya fi laushi nan ne wurinsa.

Sai in duk wannan bai yi ba za ka buɗe giyabos, akwatin da giyoyi da fistin suke ciki. Mai gyaran waya ba zai ji tsoronsa ba, sai dai a ciki akwai sifirin da yake a matse, in ka buɗe garaje zai yi tsalle ya watsa maka komai. Shimfiɗa farin zani, ka ɗauki hoto a kowane mataki. Zura siririn sukuddireba ta bayan sandar da sifirin yake kai ka danne, sannan ka ɗaga murfin a hankali. Za ka tarar da giya uku: wadda moto ke juyawa, ta tsakiya, da mai haƙora a rabin jiki wadda ke jan fistin baya ta sake shi. A kan sandar kowace akwai 'yan wasosi sirara kamar ɓawon albasa, su ke hana giyar rawa. Kada ka gauraya su, kowace ka ajiye ta da nata a gefe guda. Tsohon giris zai zama ya daskare ya yi launin ƙasa, wanke shi da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ka shafa sabo kaɗan a haƙoran, ba cikawa ake yi ba. Sannan gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya: toshe bakin silinda da yatsa, tura fistin ciki da sauri. In ya tsaya ya turje, iska ba ta zuba. In ya shige salin-alin, zoben robar da ke kansa ya bushe ko ya sassauta, kuma nan ƙarfinka yake tsiyayewa. Sau da yawa ɗigon man silikon da ɗan miƙa zoben ya isa.

Dalilin da ya sa sifirin yake gajiya kuwa shi ne in an yi harbi a jere aka tsaya, fistin kan tsaya a ja da baya, sifirin na matse, a haka aka jingine ta wata shida. Duk lokacin da za ka ajiye, mayar da ita kan harbi ɗai-ɗai ka danna sau biyu, ka zazzage gidan harsashi don nasa sifirin ya huta, ka cire batir. Bayan wadrob kuwa shi ne wuri mafi muni, bangon Legas gumi yake yi da damina. Samo akwati mai rufuwa da makulli, ka zuba 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalayen waya, waɗanda nake da tabbacin kullum sharewa kuke yi a shago.

Batun ƙara ƙarfi, ra'ayina kai tsaye shi ne kada ka yi. Kowa da ya fara wasan nan sifirin mai tauri yake fara nema, don yana zaton shi ke kawo nisa. Lambar da ke jikin sifirin tana nuna kimanin gudun da zai bayar: M100 wajen mita 100 a daƙiƙa, M120 wajen 120. Ƙarin kashi ashirin cikin ɗari ke nan a gudu, amma ƙarfin bugun ya tashi daga jul 1 zuwa 1.44, ya haye iyakar da Ingila ta sa wa mai harbi a jere. Nisan da za ka samu kuma ɗan kaɗan ne, domin harsashi marar nauyi da wuri iska take cinye gudunsa. Abin da za ka samu tabbas shi ne moto mai zafi, haƙoran fistin da ke karyewa, da maƙunnin kunama da ke ƙonewa. Daga nan sai a ce maka ka sa batir mai 11.1, shi kuma sai da mosfet, 'yar na'urar lantarki mai kare maƙunnin kunama, sai giya mai ƙarfi, kuɗi na ta fita. Garin neman gira a rasa ido. Ga kuma wannan: duk hujjar da lauyanka zai riƙe ita ce abin nan na wasa ne ba ya rauni. Kowane ƙarin ƙarfi da ka yi da hannunka rage masa hujja kake yi.

Nisa da saiti daga wuri uku suke zuwa: robar hof mai kyau, iskar da ba ta zuba, da harsashi mai nauyi mai inganci. Bindigar jul ɗaya da aka daidaita, da harsashin 0.25 ko 0.28, tana kai mita 50 a miƙe, ta bar mai sifirin M120 da yagaggiyar roba a baya. Daidaitawar ma ba wuya: ka riƙa matsa maɓallin hof kaɗan-kaɗan har harsashi ya tafi a miƙe ya ɗan ɗaga a ƙarshe kafin ya faɗi. In ya yi sama kamar zai kama tsuntsu, ka matsa da yawa. Matsattsen bututu mai 6.01 da ake yayi ban ba ka shawara ba, ƙura kaɗan ke toshe shi, 6.03 ya fi haƙuri. Canjin da nake goyon baya ba tare da jayayya ba shi ne na lantarki: sabon fis, waya mai kauri, da mahaɗin batir irin Deans a madadin farin Tamiya da ke sassautawa yana zafi. Waɗannan aikin dalma ne da ka fi ni iyawa, kuma ba su da siffar makami. Duk wani abu mai siffar makami kuwa, gangar jiki ko gidan harsashi ko madubin saiti ko bututun rage ƙara, kada ka yi odarsa.

Kuɗin da ka tanada don sifirin ka sayi tabarau da shi. Jul ɗaya ba ya huda ƙirji, amma yana fasa ido, yana kuma karya haƙori. Tabarau ɗin rana ko na karatu ya fi babu muni, don fashewa yake yi ya shige idon. Nemi na masu aikin masana'anta wanda yake rufe gefe da gefe, mai tambarin Z87+ ko EN166 da harafin B a jiki. Ko gwaji za ka yi cikin ɗaki ka sa shi, kai da duk wanda yake wurin, domin harsashin yana dukan bango ya dawo. Kwali mai cike da tsummoki shi ne abin harbi, ba ƙofa ba, ba kyanwar maƙwabta ba. Yara kuma kada su san inda makullin akwatin yake.

In ka yi duk abin da na faɗa amma ta koma harba iska babu harsashi, to matsalar tana kan farantin roba da ke ja da bakin iskar baya don harsashi ya hau, ko ɗan sifirinsa ya ɓalle. Ɗauki hoton cikin giyabos ɗin a buɗe, ka naɗo mini ƙararta a waya ka turo, daga jin kukan zan gaya maka inda za ka duba. Ita kanta kada ka ɗauko ta ka ce za ka kawo mini shago.